Ɗingishin Farat Ɗaya da Ƙurjin Kofato a Jakuna da Dawakin Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda jiƙaƙƙiyar ƙasar noman rani ke lalata kofaton dabbobin aiki, da hanyar bambance ƙurjin kofato da karaya, da maganin da ya dace. Matsayinta shi ne: fitar da mugunya shi ne magani, allura taimako ce kawai.

1.0 Gabatarwa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ake samun ruwan ban ruwa a gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Shirin noman rani na Kogin Kano, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi, ya sa ana noman shinkafa da tumatir da alkama har a tsakiyar rani. Jakin da ke kai taki gona a mangala yakan taka laka da safe, ya koma busasshiyar hanya da rana. Jaki kuwa dabbar busasshiyar ƙasa ce, kofatonsa ya fi na doki shan ruwa. Idan ya jiƙe sai ya yi laushi, idan ya bushe ya tsage.

2.0 Yadda Ciwon Ke Kamawa

A ƙasan kofato akwai farin layi inda bango ya haɗu da tafi. Nan ne mafi rauni. Yashi ko tsakuwa kan kutsa ta nan, ko kuma ƙaya ko ƙusa ta huda tafin, ƙwayoyin cuta su bi. Mugunya sai ta taru tsakanin ƙahon kofato da naman da ke ciki, wurin da ba ya buɗawa. Wannan matsi shi ke sa dabbar da ta kwana lafiya ta wayi gari ba ta iya taka ƙafa. A dawaki, babu abin da ya fi ƙurjin kofato yawan haddasa irin wannan ɗingishi.

3.0 Ganewa

Mai dabba da ya ga ƙafa a ɗage yakan zargi kafaɗa ko targaɗe. Daga nan sai sakiya a wurin da babu ciwo, ko a kira mai allura. Bincike daga ƙasa ya kamata ya fara. A wanke kofaton, a kwatanta ɗuminsa da na ɗaya ƙafar, a taɓa jijiyar jini da ke bayan idon sawu: in tana bugawa da ƙarfi, ciwon na cikin kofato. Sai a bi tafin ana matsawa da filayar gwaji har a kai inda dabbar za ta zabura. Sau da yawa akan ga baƙin ɗigo a farin layi.

Idan ƙafafun gaba biyu ne suka kamu, dabbar na jingina nauyinta baya, musamman bayan ta ci hatsi ya wuce kima, to kumburin naman kofato ne, maganinsa daban. Idan ƙafa na lilo ko ana jin ƙarar ƙashi, karaya ce.

Jaki na ɓoye ciwo fiye da doki. Wani lokaci alamarsa kawai yawan kwanciya da ƙin cin abinci, kuma jakin da ya daina ci kitse na iya cika masa jini ya taɓa hanta, abin da ke kisa.

4.0 Magani

Likitan dabbobi zai bi baƙin ɗigon da wuƙar kofato, ya buɗe ƙaramar kafa har mugunya ta fito. Buɗe babban rami ɓarna ce, domin kofato ba ya girma fiye da kimanin santimita 1 a wata. Bayan haka a jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi da gishirin Epsom, a sa aidin, a ɗaure da tsumma mai tsabta, a mayar da turke busasshen wuri. Galibi sauƙi na bayyana cikin kwana 1 zuwa 2. In an bar ƙurjin, yakan bi bango ya fashe a saman kofato, bayan dabbar ta sha wahala.

Allurar kariya daga tetanos wajibi ce, domin jaki da doki suna cikin dabbobin da cutar ta fi kamawa. Fenilbutazon na rage zafi, amma jikin jaki na fitar da shi da sauri fiye da na doki, don haka likita ne zai tsara awo. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya isa ga mugunyar da ke kulle, sai kumburi ya hau ƙafa ake buƙatarsa. Baƙin mai da ake zubawa a rauni guba ne.

Ƙusar da ta shiga tsakiyar tafi, kusa da wata tsoka mai siffar kan mashi, na iya kaiwa ga gaɓa ko jijiya. Irin wannan sai asibiti mai hoton ƙashi, kamar Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

5.0 Shawara

Ya kamata ma'aikatan lafiyar dabbobi na ƙananan hukumomin Kura da Bunkure su riƙa ɗaukar wuƙar kofato da filayar gwaji tare da sirinji, su kuma koya wa masu jakuna sakace kofato kowace yamma bayan an sauke mangala.