LIBERDADE: Jirgin Da Iyali Suka Sassaƙa Da Hannunsu

Yau za mu ɗan ajiye labaran soyayya mu leƙa teku.

A duk watan Nuwamba, idan lokacin mahaukaciyar guguwar tekun Atilantika ya kusa wucewa, tashar jiragen ruwa ta Las Palmas da ke tsibiran Kanari takan cika da ƙananan jirage masu tafiya da iska. Za ka ga miji yana duba igiyoyi, mata tana lissafin abinci da ruwan sha, yara suna goge bene, kowa na shirin tsallakawa zuwa tsibiran Karibiyan domin cin lokacin sanyi a ƙasa mai ɗumi. Tun shekarar 1986 ake yin wannan tafiya ta ayari. To amma kusan shekara ɗari kafin nan akwai wasu iyali da suka yi irin wannan shiri, su kuwa ba don shaƙatawa ba, sai don ba su da wata hanyar komawa gida.

Maigidan shi ne Kyaftin Joshua Slocum, haifaffen Nova Scotia ta ƙasar Kanada a 1844, wanda daga baya ya zama ɗan Amurka. Yana da babban jirgin dakon kaya mai suna Aquidneck, a cikinsa yake zaune da iyalinsa, kuma a cikinsa uwargidansa Virginia ta rasu a 1884 a gaɓar Buenos Aires ta Ajantina, ta bar masa 'ya'ya huɗu. A 1886 ya yi auren zumunci da wata 'yar uwarsa, Henrietta, wadda ake kira Hettie, tana da shekara 24. Ɗakin amarcinta shi ne wannan jirgi, tare da biyu daga cikin 'ya'yan marigayiya, Victor da ƙaninsa Garfield.

Tun daga nan masifa ta riƙa bin masifa. Sun ɗauko ciyawar dabbobi daga Ajantina zuwa Rio, hukumomin Brazil suka hana su shiga saboda annobar kwalara. Wasu ma'aikatan jirgin suka yi masa tawaye cikin dare, ya harbi biyu, ɗaya ya mutu, sai da aka gurfanar da shi gaban kotu kafin a wanke shi. Cutar agana ta shiga jirgin ta kashe wasu ma'aikatan. A ƙarshen 1887 kuma jirgin ya kafe a kan yashi a mashigin Paranagua da ke kudancin Brazil, ya lalace, ga shi babu inshora. Dukiyar Slocum ta tafi a rana ɗaya.

Mai karatu, a nan ne labarin ya fi daɗi. Maimakon ya nemi a mayar da su gida a matsayin waɗanda hatsari ya rutsa da su, sai kyaftin ya ce jirgi za su sassaƙa. Mutum ne mai taurin kai da gudun abin kunya, wannan kam ba a musu. Kayan aikin da ke hannunsu ba su taka kara sun karya ba: gatari, gizago, zarto, magagari da 'yan abubuwan huda katako. Ƙusoshi da ƙarafa wasu daga gawar tsohon jirgin aka ciro su, kuɗin tagulla na ƙasar kuwa aka riƙa hudawa ana yin 'yan zobban da ke riƙe ƙusa. Katako mai tauri aka sa a ƙasa domin ya jure dukan duwatsu, mara nauyi a sama. A gefe da gefe suka ɗaura damman gora, ta yadda ko igiyar ruwa ta kwantar da jirgin zai sake miƙewa. Victor, ɗan shekara 16, shi ne mataimakin kafinta kuma mai tufka igiya. Filafilai kuwa, wato manyan ƙyallayen da ke kama iska su tura jirgi, Hettie ce ta ɗinka su, domin dama ɗinki sana'arta ce. An yi su ne irin na jiragen Sinawa, masu sanduna a gicciye, waɗanda mutum ɗaya zai iya naɗewa da sauri idan iska ta haukace.

Ni a ganina wannan ɗinki shi ne ran tafiyar. Jirgin iska ba shi da inji, idan ƙyalle ya yage a tsakiyar teku an shiga uku. Amma sunan kyaftin duniya ta riƙe.

Jirgin ya fito da tsawon ƙafa 35, faɗinsa ƙafa bakwai da rabi. An tura shi ruwa ranar 13 ga Mayu, 1888, ranar da Gimbiya Isabel ta sa hannu a kan dokar da ta haramta bauta a Brazil, shi ya sa aka raɗa masa suna Liberdade, wato 'yanci da harshen Fotugis. Wannan rana ta shafe mu, domin kuwa cikin bayin da aka kai jihar Bahia akwai Hausawa da yawa, waɗanda suka yi yunƙurin tawaye tun 1807, kuma Musulmin wannan gari ne suka yi shahararren boren 1835. Bahia ɗin tana cikin tashoshin da Liberdade ya yada zango.

Sun tashi a watan Yuni. Daga Santos wani jirgin wasiƙu mai inji ya ja su zuwa Rio da gudun da ya sa ruwa ke ta zuba a kansu, Victor na tsugune da gatari a hannu domin ya datse igiyar idan jirgin zai nutse. Kusa da Cabo Frio wata ƙatuwar dabbar teku ta bi ta ƙarƙashinsu ta girgiza su. Suka bi gaɓa zuwa Bahia da Pernambuco, sannan suka miƙe zuwa tsibirin Barbados. A nan Slocum ya nuna cewa taurin kansa yana da iyaka, don bai wuce ba, ya zauna makonni ana gyare-gyare har watan Oktoba, sai da hatsarin guguwa ya ragu. Lissafin da masu jiragen Las Palmas ke yi ke nan har gobe. A ƙarshen Oktoba suka hango gaɓar South Carolina, bayan tafiyar mil 5,500 da 'yan kai cikin kwana 55 na zaman teku, suka isa birnin Washington a ƙarshen Disamba.

Jaridu sun yi ta yayata su. Slocum ya buga littafin tafiyar a 1890, sai dai bai samu kasuwa ba. Hettie kuwa daga wannan tafiya ta yi sallama da doguwar tafiyar teku. Wa zai ga laifinta? Amarya ce da ta ga annoba, ta ga jini, ta ga asarar dukiya, ta kuma raini 'ya'yan wata a ɗan ɗakin da mutum ba ya iya miƙewa tsaye.

Saboda haka jirgi na gaba shi kaɗai ya shige shi. A 1892 wani abokinsa ya ba shi wani ruɓaɓɓen jirgi mai suna Spray da ke yashe a fili a Fairhaven, ya shafe wata 13 yana sake gina shi. Ya bar Boston ranar 24 ga Afrilu, 1895, ya dawo ranar 27 ga Yuni, 1898, ya zama mutum na farko da ya kewaye duniya shi kaɗai a jirgin iska. Littafin da ya rubuta a kan wannan tafiya, Sailing Alone Around the World, shi ya kawo masa suna da kuɗin da ya sayi gona a tsibirin Martha's Vineyard.

Gona ba ta riƙe shi ba. Daga 1905, da zarar sanyi ya kawo kai sai ya bar Hettie a tudu ya nufi Karibiyan, ya dawo da bazara da kayan tsaraba na sayarwa. Waɗanda suka ga Spray a waɗannan shekaru sun ba da labarin cewa jirgin ya tsufa, igiyoyi sun sassake, ba ya samun kulawar da. Babu Victor mai tufka, babu mai ɗinki. Shi kansa kyaftin ya haura sittin, kuma duk rayuwarsa bai koyi iyo ba.

Wata rana cikin Nuwamba ya sake kwance igiya ya nufi kudu kamar yadda ya saba, ba a ƙara ganinsa ba, ba a tsinci ko katako ɗaya na Spray ba. Sai a 1924 kotu ta tabbatar da mutuwarsa, ta ɗauki 14 ga Nuwamba, 1909 a matsayin ranar da ya rasu.