Tarihin Lamba 2,147,483,647

Lamba 2,147,483,647 ana samun ta ne in aka jera 2 har sau 31, aka ninka su da juna, sannan aka cire 1. Tana cikin lambobi marasa rabuwa, wato babu lambar da ke raba ta daidai ba saura sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan da ake samu ta ninka 2 a cire 1 ana kiransu lambobin Mersenne, kuma ita ce ta takwas a jerin marasa rabuwa daga cikinsu.

An daɗe ana kyautata mata zato kafin a sami hujja. A 1588 Pietro Cataldi, masanin lissafi na birnin Bologna a Italiya, ya tabbatar da cewa in an jera 2 sau 17 ko sau 19, aka ninka su aka cire 1, abin da ke fitowa ba ya rabuwa. Daga nan sai ya zarce da hasashe, ya ce haka abin yake ga 23 da 29 da 31 da 37. Uku daga ciki sun zama kuskure, 31 kaɗai ta tsira. Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa, shi ma ya sa ta a jerinsa na 1644, shi ma ba hujja.

Wanda ya raba gardama shi ne Leonhard Euler, a 1772, cikin wasiƙar da ya aika wa Daniel Bernoulli. A lokacin yana zaune a Saint Petersburg ta Rasha, idanunsa sun riga sun mutu. Yadda ya rage wa kansa aiki shi ne abin sha'awa. Da farko, ba sai an gwada lambar da ta wuce 46,340 ba, domin 46,341 in an ninka ta da kanta ta zarce lambar. Sannan ya nuna cewa duk lamba marar rabuwa da za ta iya raba ta, dole in an raba ta da 248 saura ya zama 1 ko 63. Dubban gwaji suka koma 'yan kaɗan, aka bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta shiga. Da wannan kuma aka tabbatar da cikakkiyar lamba ta takwas, 2,305,843,008,139,952,128, wadda in aka tara duk masu raba ta, ban da ita kanta, ita ce ke dawowa.

A 1811 Baturen Ingila Peter Barlow ya yi hasashen babu wanda zai wahalar da kansa neman wadda ta fi wannan cikakkiyar lamba, tunda a ganinsa ba ta da wani amfani. Ya yi gaggawar yanke hukunci. A 1876 Édouard Lucas ya tabbatar da cewa lambar Mersenne da ake samu in an jera 2 sau 127, mai alƙaluma 39, ba ta rabuwa, shi ma da hannu.

Amfanin 2,147,483,647 kuwa ya zo tare da kwamfuta. Ma'ajiyar lamba mai gurbi 32 da ke karɓar ƙari da ragi tana ware gurbi ɗaya don alamar ƙari ko ragi, saura 31, don haka 2,147,483,647 ce iyakar abin da take iya riƙewa. Agogon tsarin Unix yana ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma a na'urorin da ba a sauya musu ma'ajiya zuwa gurbi 64 ba, ƙirgen zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, sannan ya juya baya zuwa Disamba 1901.