Hannun da ke rufe kasuwa: dokar ta-ɓaci a tarihin jihar Tawa

A ƙasar Adar da Azawak, abinci a ƙafa yake. Ba'adare in ya gama girbi sai ya ɗaure kaya ya tafi cin rani, makiyayi yana bin ruwa da ciyawa daga rijiya zuwa rijiya, kasuwar Lahadi ta birnin Tawa kuma ba ta cika sai da dabbobin arewa. Saboda haka duk hukumar da ke da ikon cewa kada a bi wannan hanya, kada waccan kasuwa ta ci, kada a taru a wuri kaza, to ta riƙe maƙogwaron jama'a. Wanda ya bi tarihin wannan iko a Tawa zai tarar sunan mai riƙe da shi ya sake sau da dama, daga kwamanda zuwa prefe zuwa gwamna, amma kullum mutum ne da aka naɗo daga sama. Magajin garin da jama'a suka zaɓa bai taɓa samun rabo mai kauri a ciki ba.

Tun da Faransawa suka kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20, kwamandan Nasara ba ya bukatar shelar ta-ɓaci kafin ya hana motsi. Dokar andijena ta ba shi damar tsare talaka har kwana 15 ko ya ci shi tara ba tare da an je gaban alƙali ba, kuma da ita ake tilasta aikin dole da biyan haraji. Sai a 1946 aka soke andijena tare da aikin dole. Dokar ta-ɓaci irin ta zamani kuwa, a yaƙin Aljeriya aka haife ta: dokar Faransa ta 3 ga Afrilu 1955 ce ta ba prefe ikon hana mutane da motoci zirga-zirga a wuraren da ya zana da lokutan da ya yanka, ta kuma halatta rufe wuraren taro. Ƙasashe da yawa da Faransa ta mallaka sun ɗinka tasu rigar a kan wannan awo, Nijar ma tana cikinsu.

A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, an jingine kundin tsarin mulki, maganar iyakar ikon prefe ma ba ta taso ba. Tanja Mamadu, wanda ya riƙe Tawa daga 1981 zuwa 1988, hafsan soja ne, kuma umurninsa ya isa doka tun daga Ƙonni har bakin iyakar Mali. Abin da irin wannan iko marar linzami ke iya haifarwa ya fito fili a Cintabaradan cikin watan Mayu 1990, zamanin Ali Shaibu. Bayan wasu samarin Abzinawa sun auka wa ofisoshin hukuma a garin, sojoji suka bazu cikin Azawak suna kame da kisa a zangunan makiyaya. Gwamnati ta ce gommai ne suka mutu, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce ɗaruruwa. Babban taron ƙasa na 1991 ya saurari wannan magana a bainar jama'a, amma bai hana tawaye ɓarkewa ba.

Daga wannan rauni ne abubuwa biyu suka tsiro, kuma ba su tafi hanya ɗaya ba. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 ta yi alkawarin miƙa wa yankuna ragamar al'amuransu, alkawarin da ya kai ga zaɓen ƙananan hukumomi na Yuli 2004. A ɗaya gefen, ranar 11 ga Agusta 1998, zamanin Ibrahim Ba'are Mainasara, aka sa hannu a kan doka mai lamba 98-24 wadda ta tsara yadda ake kafa ta-ɓaci. Ba ƙaramin ci gaba ba ne a ce an rubuta iyakar abin da hukuma za ta yi in hankali ya tashi, domin mutanen Azawak sun ga yadda ake yi in babu rubutu. Sai dai rabon aikin ya bar baya da ƙura. Magajin gari shi ke kula da tsarin kasuwa da tsabtar gari da tituna, gare shi ake kai sanarwar zanga-zanga, yana kuma iya hana ta. Amma da zarar taron ministoci ya yi shelar ta-ɓaci a Yamai, manyan makullai, wato hana zirga-zirga, shata yankin tsaro, bincike cikin gidaje dare da rana, sai su koma hannun wakilan gwamnati da jami'an tsaro.

Dokar ta daɗe ba ta taɓa jihar Tawa ba. Ko a tawayen 2007, matakin tsaro na musamman da Tanja ya ɗauka, yana shugaban ƙasa, a jihar Agadas ya tsaya. Difa ce ta fara ɗanɗana ta-ɓaci a Fabrairu 2015 saboda Boko Haram, inda aka hana hawan babur da cinikin kifi da tattasai. A wannan shekara aka gyara dokar, har majalisar dokoki ta riƙa ƙara wa'adi wata uku-uku bayan kwana 15 na farko. Ranar 6 ga Oktoba 2016 mahara suka kashe sojoji 22 a Tazalit, inda ƴan gudun hijirar Mali ke zaune, cikin gundumar Tasara. A Maris 2017 aka kafa ta-ɓaci a gundumomin Tasara da Tiliya, tare da wasu gundumomin jihar Tilaberi.

Dalilin hukuma a fili yake: mahara a kan babura suke zuwa, a kasuwannin daji suke sayen mai da abinci, can kuma suke sayar da dabbobin da suka kora. Aka taƙaita hawan babur, aka rufe wasu kasuwanni. To amma a ƙasar da babu kwalta, babur shi ne motar asibiti, shi ne jakin malamin makaranta da na ɗan kasuwa. Mai naƙuda da ke nesa da likita ta koma jiran amalanke ko raƙumi. Makiyayin da aka rufe kasuwar kusa da shi sai ya kora bisashensa tafiyar kwanaki, su iso a rame, ya sayar da araha, ya sayi hatsi da tsada. Magajin gari kuwa, wanda kuɗin shigarsa mafi yawa daga harajin kasuwa suke fitowa, ya rasa abin biyan ma'aikata, alhali shi ne wanda jama'a suka san ƙofar gidansa, gare shi suke kai kuka. Matakin da aka kira na wucin gadi ya yi ta samun ƙarin wata uku har ya haura shekara shida, majalisa tana sabunta shi kamar yadda ake sabunta takardar haya.

Duk da haka, ranar 21 ga Maris 2021 mahara a kan babura suka auka wa Intazayan da Bakorat da Wistan cikin gundumar Tiliya, gwamnati ta ƙirga mutum 137 da aka kashe. Shekara huɗu ke nan ana cikin ta-ɓaci. Dokar hana babur ta kama wanda ke tsoron doka, wanda ya zo kisa kuwa bai nemi izinin kowa ba. Watanni kaɗan bayan haka hukumomi suka rufe zangon ƴan gudun hijira na Intikan, dubban mutane suka sake ɗaukar kaya.

Birnin Tawa da kudancin Adar, waɗanda ta-ɓacin tsaro bai shafa ba, sun gamu da nasu a 2020, lokacin annobar korona. A watan Maris gwamnati ta rufe makarantu, ta hana sallar jam'i, sa'an nan ranar 27 ga watan shugaba Isufu Mahamadu, shi kansa Ba'adare, ya yi shelar ta-ɓacin kiwon lafiya a ƙasa baki ɗaya. Malaman likita suna da hujjarsu, amma hana Juma'a ba abu ne da takarda kaɗai ke iya zartarwa ba. A Ilela, mazaunin Sarkin Adar, masu bore suka fito suka cinna wa ma'aikatar magajin gari wuta. An bar jaki ana dukan taiki: umurni daga Yamai ya zo, ginin da ya ƙone kuwa na ƙaramar hukuma ne, wanda da kuɗin mutanen garin ake tafiyar da shi. Ranar 13 ga Mayu aka sake buɗe masallatai, ana cikin azumi.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya jingine kundin tsarin mulkin 2010, ya rushe majalisar da ke sabunta wa'adin, aka kuma naɗa hafsoshi gwamnonin jihohi, har da ta Tawa. A Afrilu 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, kujerun magadan gari na Tawa da Ilela da Tiliya da Tasara suka koma hannun kantomomin da aka naɗo daga Yamai.