Ciwo Ɗaya Da Abokan Tafiyarsa

Yau za mu ba ku tarihin wani ciwo wanda ba a cika ganinsa a ƙasar Daura ba, amma akwai abin da ya shafe ku a cikinsa. Turawa suna kiransa maltiful siklerosis. Kun san wayar lantarki, da robar da ta lulluɓe ta? To, haka jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi suke da tasu riga. Wannan ciwo rigar yake ci, cikin ƙwaƙwalwa da laka. Sai saƙo ya riƙa yankewa, ƙafa ta yi nauyi, hannu ya yi rawa, ido ya dushe. Yakan lafa, kana ya dawo. Ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40, mata sun fi maza.

Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ne ya bayyana shi sosai a birnin Faris cikin 1868. Daga baya aka lura ya fi yawa a ƙasashen sanyi. A nan Nijeriya, cikin 1971, Farfesa Osuntokun ya rubuta bayanin masu ciwon jijiya da aka gani a babban asibitin Badun cikin shekara goma da ɗoriya, ya nuna da wuya a samu mai wannan ciwo. Amma ku tuna, a lokacin babu na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta MRI, wadda sai cikin 1981 aka fara ganin tabon ciwon da ita a Ingila.

Yanzu mu ajiye wannan, mu ɗauko wani labari, a gaba za su haɗu. Cikin 1923 wani likitan Suwidin, Eskil Kylin, ya lura hawan jini da yawan sukari cikin jini sukan sauka gida ɗaya. Cikin 1947 Jean Vague, a Faransa, ya ce ƙibar tumbi ta fi ta ƙugu da cinya haɗari. Sai 1988 Gerald Reaven na Amurka ya nuna tushensu guda ne, watau jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka. Yau likitoci suna duban abu biyar: faɗin ciki, hawan jini, sukari, yawan maiƙo cikin jini, da ƙarancin maiƙo mai amfani. Wanda ya tara uku, ya shiga sahu.

Ga mahaɗar. Shekara da shekaru likitan jijiya ba ya duban kome sai jijiya. Cikin 2010 wata likitar Kanada, Ruth Ann Marrie, da abokan aikinta suka bincika labarin mutum kusan 9,000 masu ciwon rigar jijiya. Waɗanda ba su da hawan jini ko sukari ko ciwon zuciya ko yawan maiƙo, sukan yi wajen shekara 19 kafin su nemi sanda. Masu ɗaya daga cikinsu kuwa, wajen shekara 13. Shekara shida ke nan ta tafiya da ƙafa! Ga abin da ake zato shi ne dalili. Jijiyar da ta riga ta yi rauni, in hanyar jinin da ke ciyar da ita ta ƙuntata, sai raunin ya ninku. Kuma mai ciwon ƙafa zama yake yi, zama kuwa yana kawo ƙiba.

To, kai da ke zaune kan bencin disfensare a Baure ko Zango, ko Sandamu ko Mai'aduwa, wannan magana taka ce, ko da naka ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ko sanyin ƙashi. Kakanninmu gero da dawa suka ci, da ƙafa suka je gona da kasuwa. Yau ga babur, ga lemon kwalba, ga shayi mai sukari cokali huɗu, ga gishiri da dunƙulen miya. Har yanzu wasu suna ce wa tumbi alamar arziki. Lalle ba haka ba ne.

Sai ku yi hattara da abu guda. Idan ciwon rigar jijiya ya taso, likita yakan ba da magani irin su prednisolone na 'yan kwanaki. Magani ne mai ƙarfi, amma yana ɗaga sukari da jini. Danginsa ne dexamethasone, wanda wasu ke saya a kemis don su yi ƙiba, har ana ce masa sha-ka-fashe. Kada ka sha shi sai da izinin likita. In kuwa ka daɗe kana sha, kada ka bari dare ɗaya, likita ne zai rage maka a hankali.

In ka zo, roƙi malamin asibiti ya auna jininka, ya auna sukari tun ba ka karya ba, ya zagaya cikinka da tef daidai cibiya. Namiji kada ya kai santimita 94, mace 80. Jini in ya kai 130 bisa 85, a sake aunawa wata rana. Wanda idonsa ya dushe farat ɗaya, ko ƙafa ta mutu ba dalili, a kai shi Babban Asibitin Daura ran nan. Daga can in ta kama za a tura shi Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda akwai likitocin jijiya. Ku tafi da kwalayen dukan magungunan da yake sha, har da na gargajiya.