Daga Rediyon Taro Zuwa Salular Malam: Yadda Muka Saba Raba Sadarwa a Ƙasar Mayahi

Idan aka ce wata makaranta a ƙauyukan Attantane tana da intanet, abin da ake nufi galibi shi ne akwai malami ɗaya mai babbar salula da ɗan mega a cikinta. Shi ne zai kunna wurin raba intanet, darakta ya jona kwamfutarsa ya aika rahoton farkon shekara ga insifekta, abokin aiki ya sauke darasi, wani ɗan kwaleji ya duba sakamakon jarrabawa. Ƴan'uwanmu na Najeriya suna kiran wannan hotsifot, yaranmu kuma suna cewa fartaji, daga Faransanci. Mutane da yawa sun ɗauke shi sabon abu. Ni da na haura shekara ashirin ina riƙe da alli tun fitowata daga makarantar horar da malamai ta Maraɗi, ina ganin na'urar ce kawai sabuwa. Al'adar mutum ɗaya ya riƙe abin sadarwa jama'a su amfana ta girmi yawancinmu, kuma tarihinta yana da abin da zai koya wa malamai da iyaye na yau.

Mu fara da wasiƙa. Ƙasarmu ƙasar ƴan ci-rani ce. Da an gama girbin hatsi, samari kan nufi Kano, Legas, Agadas ko Libiya. Saƙonsu kan dawo a hannun direba ko wani mai dawowa gida, a rubuce da ajami ko da boko. Wanda zai karanta shi ne malamin allo ko malamin lakwal, kuma shi ne zai rubuta amsa. Ta haka ya san wanda ake bi bashi, ya san matar da aka aiko wa kuɗi da wadda ba a aiko wa ba. Abin da ya sa mutane suka ci gaba da zuwa wurinsa shi ne amana: abin da ya karanta a zaure, a zauren yake barinsa. Daga baya kaset ya sauƙaƙa wa marasa karatu, amma shi ma sai an je gidan mai rakoda an ari na'urarsa, wani lokaci har a saya masa batir.

A 1962, shekara biyu bayan samun ƴancin kai, zamanin Shugaba Diori Hamani, aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar. Akwatin rediyo ya yi wa talaka tsada a lokacin, don haka sai a ba gari akwati ɗaya, a naɗa mai jagorantar zama, wanda sau da yawa malamin makaranta ne. Jama'a su taru su saurari shiri kan noma, lafiya ko karatun yara cikin harshensu, sannan a tattauna. Jagoran yakan naɗi ra'ayoyin mutane a faifai, a aika Yamai, a sako su cikin wani shiri. Ku lura da tsarin: akwai lokacin kunnawa, akwai abin da za a saurara, akwai wanda aka ɗora wa alhaki, kuma ba aljihunsa ne ya sayi akwatin ba.

A 1964 aka fara gwajin talabijin ta makaranta a Yamai da taimakon Faransa. Akwati ɗaya a gaban aji, darasi ya zo ta iska, mai kula da aji ya ɗora daga inda shirin ya tsaya. Wasu akwatunan da hasken rana suke aiki, tun kafin mu san fano a kan rufin gidajenmu. Shirin ya ƙare a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da aka buɗe tashar Télé Sahel ta ƙasa. A zamanin Seyni Kountché kuma, kallon talabijin a dandalin samariya ya zama ruwan dare a garuruwa da yawa. Nan ma akwati ɗaya ne, idanu ɗari, da mai mabuɗi wanda kowa ya sani.

Wayar tarho ta bi wannan sawu. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da aka kafa kamfanin Sonitel, mai son magana da ɗansa a Kwatano ko Abijan sai ya je Mayahi, Tasawa ko Maraɗi ya shiga telesantar, ya biya gwargwadon mintocin da ya yi. A 2001 kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar, sannu a hankali eriya ta bi manyan kasuwanni. Waɗanda suka yi aiki a ƙauye a shekarun nan ba za su manta ba: salula ɗaya a gari, lambar mai ita a rubuce a takardun dangi talatin da ke ci-rani, a hau tudun yashi ko a tsaya ƙarƙashin wani gawo da aka san rezo na kamawa. Mai salula shi ke aika yaro ya kirawo wanda aka bugo wa.

Amfanin wannan bai tsaya ga gaisuwa ba. Wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili a fili yake: ɗan kasuwa na iya jin kuɗin tiyar gero a wata kasuwa ba tare da ya biya kuɗin mota ba. A 2009 kuma ta shiga wani shirin yaƙi da jahilci a jihohin Dosso da Damagaram, inda aka koya wa manya amfani da salula, ana ba rukuni ɗaya waya ɗaya su yi ta karɓa-karɓa. Waɗanda suka samu wannan sun fi takwarorinsu maki a rubutu da lissafi. Wayar aro ce, amma an ba ta aiki da tsari.

Kamfanoni sun yi ta sauya suna a idonmu. Celtel ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Telecel ya zama Moov. Orange ya shigo a 2008, aka sayar da shi a 2019 ya zama Zamani. Sonitel da SahelCom suka haɗe a 2016 suka zama Niger Télécoms. A cikin wannan lokaci intanet ta fito daga shagunan kwamfuta na Maraɗi, inda ake biyan kuɗin awa, ta shiga ƴar na'urar da ake sokawa a jikin kwamfuta, daga nan ta shiga salula. Dabarar mayar da waya mai raba intanet ta shiga wayoyin Android a 2010, ta shiga iPhone a 2011, amma ba ta zama abin kowa a wajenmu ba sai da wayoyi masu rangwame irin su Tecno da itel suka cika kasuwa.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuya. Salula tana karɓar intanet daga eriyar kamfani ta hanyar layin da ke cikinta, sannan ta sake watsa shi ta Wi-Fi ga na'urorin da ke kusa, kamar taku goma zuwa ashirin idan babu katanga. Ana iya yi kuma ta igiyar caji ko ta Bluetooth. Duk abin da waɗanda suka jona suka buɗe, daga megan mai wayar ake cirewa. Ƙarfin da eriya ta bayar shi ake kasawa tsakaninsu, shi ya sa idan mutum biyar suka hau sai komai ya yi nauyi. Batir kuma yana saurin ƙarewa, wayar ta yi zafi, domin tana karɓa tana aikawa a lokaci guda. A birane masu layin gida, wannan dabara ta ranar matsuwa ce. A wajenmu, inda ba a taɓa jan waya zuwa makaranta ba, ita ce babbar hanya.

Shekaru kaɗan da suka wuce sun nuna mana ƙarfinta da rauninta. Ranar 20 ga Maris 2020 aka rufe makarantu saboda cutar korona, ba a koma ba sai 1 ga Yuni. Ƴan ajin jarrabawa da suka samu darasi ta WhatsApp a lokacin, yawancinsu ta wayar wani suka samu: yaya, maƙwabci ko malami. Yaron da babu mai raba masa ya zauna haka nan. A 2021, bayan bayyana sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, aka katse intanet ɗin salula a faɗin ƙasa daga 24 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris. Ofisoshin birni masu layin gida sun ci gaba da aiki, mu kuwa komai ya tsaya, tunda ƙofarmu ɗaya ce. A Agustan 2023 kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, garuruwan jihar Maraɗi da ke shan wuta daga layin Katsina suka shiga duhu na tsawon sa'o'i, caji ya zama abin nema.

To, ina bambancin yau da jiya? Ina ganin wuri uku ne. Na farko shi ne kuɗi. Akwatin kulob ɗin rediyo na hukuma ne, telesantar kuma kowa ya biya nasa. Yanzu aikin makaranta ne ake yi da megan malami, wanda sau da yawa ɗan kwantiragi ne mai jiran albashi. Na san makarantar da kwamfutar ofis ta cinye megan wata guda na wani abokin aikinmu cikin dare ɗaya, saboda ta kama sabunta kanta da zarar ta ga intanet. Babu wanda ya biya shi, shi ma kunya ta hana shi tambaya. Daga ranar ya daina kunnawa, makarantar ta koma aika rahoto a kan babur.

Na biyu shi ne mai tsaron ƙofa. Jagoran kulob ya san abin da ake saurare. Mai raba intanet kuwa yana iya ganin yawan na'urorin da suka jona, amma ba ya ganin abin da ake kallo a cikinsu. Lambar sirri da aka ba yaro ɗaya da safe, kafin la'asar ta zagaya unguwa. Uba na barci a ɗaki, wayarsa na jikin caji, samari na jingine da katangar gidansa har tsakar dare. Ba wai yaran yau sun fi na da lalacewa ba ne. An ba su ƙofa ce babu mai gadi.

Na uku shi ne wanda aka bari a baya. Wuraren da ake raba intanet su ne majalisar shayi, shagon caji da bakin tasha, kuma duk wuraren maza ne. Yarinya ƴar ajin jarrabawa ba za ta je ta zauna can ba, bai ma kamata ta je roƙon lambar sirri wurin saurayi ko wurin malami ita kaɗai ba. Idan ba a yi mata tanadi ba, ko dai ta rasa abin da ƴan ajinta maza suka samu, ko ta same shi ta hanyar da za ta jefa ta cikin bashin alherin da ba mu so.

Maganin ba sabo ba ne, tsarin da iyayenmu suka yi wa rediyo ne za mu ɗauko. Kowace makaranta tana da kwamitin kula da ita, wanda muka fi sani da COGES, ga ƙungiyar iyayen yara, ga ta uwaye mata. Kamar yadda ake ware kuɗin alli da na zanar rumfar aji, a ware kuɗin mega na aikin makaranta, a rubuta a littafi, a san wanda ke riƙe da shi. A sa rana da lokaci, a cikin aji, da rana tsaka, maza da mata tare, malami na tsaye. Lambar sirri kada ta gaza harafi takwas, kada ta zama lambar wayar mai ita, kuma a riƙa sauya ta. Yawancin wayoyi suna ba da damar ƙayyade yawan masu jonawa da yawan megan da za a ci, a yi amfani da wannan. A kashe sabuntawar kai-tsaye a kwamfuta kafin a jona ta. Abin da aji duka ke buƙata, mutum ɗaya ya sauke sau ɗaya, sauran su karɓa ta Bluetooth, katin memori ko Xender, waɗanda ba sa cin mega. Shafukan karatu masu yawa ba su kai nauyin ɗan gajeren bidiyo ba, don haka a fifita rubutu da murya.

Ga iyaye kuma: idan ɗanka ya ce baba buɗe mini, tambaye shi me zai nema, ka zauna kusa, ka kashe idan ya gama. Ko ba ka iya karatu ba, zamanka a wurin kaɗai ya isa tsaro. Idan an buɗe wa ɗa namiji, a buɗe wa ƴa mace, a cikin gida.

Na san akwai alkawura. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin kai sadarwa ƙauyukan Nijar, a 2024 kuma gwamnati ta ba kamfanin Starlink izinin aiki a ƙasar. Muna fatan alherinsu ya iso Attantane. Amma ko ya iso, ba kowane gida ne zai iya sayen nasa ba. Na'ura ɗaya za a kafa a makaranta, a asibiti ko a shago, jama'a su raba, kamar yadda aka yi da rediyo a 1962. Tambayoyin nan uku za su sake dawowa: wa zai biya, wa zai tsare, wa aka manta? Gara mu amsa su tun yanzu da abin ke cikin aljihun malami, a zaman kwamitin makaranta na gaba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa abin da ke hannunmu ya zama mai amfani gare su.