Daga Katin NEPU Zuwa Lambar Asusu: Asalin Karo-karon Siyasa

Da zarar kakar zaɓen fidda gwani ta matso, sai ka ga saƙo yana yawo a zaurukan WhatsApp na Misau da Azare: ga hoton ɗan takara, ga lambar asusu, kowa ya tura abin da ya sawwaƙa a saya masa fom. Nan take gardama ta kaure a majalisa. Wasu su ce kwaikwayon Obama ne, wasu su ce ɗan takarar ne ya ba da kuɗin ta bayan gida. Ni dai ina ganin abin ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba.

Tun a shekarun 1940 Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suke tara jama'a a Bauchi ana tattauna halin da talaka yake ciki. Da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ba ta da baitulmalin En'e a bayanta. Tela da mahauci da ɗan koli su ne ke yankar kati da kuɗinsu, su ciyar da baƙon da ya zo lacca, su haɗa tarar wanda alƙali ya ɗaure. PRP ta gaji wannan ɗabi'a a 1978, ko da yake a Bauchi NPN ce ta ci gwamna a 1979 da Tatari Ali. Daga nan soja suka dawo, aka daɗe ba a ji ɗuriyar abin ba.

Masu cewa daga Amurka aka kwaso suna da ɗan abin kamawa. Gaskiya ne Obama ya tara maƙudan kuɗi ta intanet daga hannun ƙananan masu bayarwa a 2008, ya kayar da Hillary Clinton a cikin jam'iyyarsu. Amma shekara guda kafin haka, a 2007, talakawan Bauchi sun kwana a rumfunan zaɓe da kiran "a kasa, a tsare, a raka" har Isa Yuguda na ANPP ya kayar da PDP mai mulki. Yawancin wayoyin lokacin kira da tes kawai suke yi. Wanda ya bar sana'arsa ya raka akwati da man babur ɗinsa, ai ya riga ya yi karo-karo.

Inda kuɗi da waya suka haɗu sosai shi ne 2014. A watan Oktoba Janar Buhari ya sayi fom ɗin APC naira miliyan 27.5, ya faɗa da bakinsa cewa bashin banki ya ci. Wannan magana ta taɓa zukatan mutane. Aka buɗe asusu, aka fito da katin gudummawa mai kama da katin waya, matasa suka yi ta yaɗa lambar a Facebook. A watan Disamba Buhari ya samu ƙuri'a 3,430 a zaɓen fidda gwani a Legas, Kwankwaso 974, Atiku 954. Da jam'iyyar ta buɗe lambar tes ta tara gudummawa, hukumar NCC ta sa aka rufe ta a Janairun 2015, kotu kuma ta ce rufewar ba ta bisa doka. Gwamnati mai ci ba za ta damu da naira ɗari-ɗari ba sai don ta san kowace ɗari ƙuri'a ce.

Abin da ya biyo baya shi ne yake ci mini tuwo a ƙwarya. A 2018 wata ƙungiya ce ta saya wa Buhari fom na miliyan 45, kuma daga nan kowane mai neman kujera ya samu "ƙungiyar masoya" da za ta saya masa. A shekarar ce aka sa hannu a dokar da ta rage shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. An buɗe wa matasa ƙofa, amma a 2022 APC ta sa fom ɗin shugaban ƙasa miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na majalisar jiha miliyan 2. Tsadar fom ita ce ta karkatar da karo-karo. A da kuɗin talaka jam'iyya yake rayawa duk shekara. Yanzu rana ɗaya yake shiga asusun uwar jam'iyya a Abuja, a ɗauki hoto da fom, a watsa, a tashi.

Kuma ko an sayi fom, wa zai yi zaɓen? A 2022 daliget ne, 'yan ƙalilan daga kowace mazaɓa, waɗanda ba a Facebook ake shawo kansu ba. Mutanen wannan yanki sun ga haka da idonsu. Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, wanda duniya ta san shi a yaƙi da shan inna, ya nemi tikitin gwamna a APC bai samu ba, har a 2019 ya tsaya a PRP, jam'iyyar da ta gaji NEPU. A 2022 tikitin APC ya tafi hannun Sadique Baba Abubakar, haifaffen Azare, tsohon shugaban sojan sama, shi kuma Gwamna Bala Mohammed ya kayar da shi a babban zaɓe.

Ba na cikin masu raina yaran da ke wannan aiki, ana ce musu 'yan a ba ni data. Akwai irinsu, akwai kuma ɗan acaɓan da yake cire dubu ɗaya daga cinikin yini ya tura wajen mai POS, ya saka rasit a zaure don a shaida. Ɗan NEPU da ya yanki kati yana da bakin magana a taron reshe, yana iya tashi ya tambayi ma'aji ina kuɗi suka shiga. Shi wannan ɗan acaɓa, ranar fidda gwani a wajen katanga yake tsayawa, waya a hannu, yana jiran wani na ciki ya turo masa sakamako.