Daga Raccoon City zuwa Kijuju: tafiyar wasan Resident Evil

A shekarar 1996 ne kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fitar da wasan Resident Evil a na'urar PlayStation, ƙarƙashin jagorancin Shinji Mikami. Japanawa ne suka tsara shi, amma sai suka kai labarin wani ƙagaggen gari na Amurka mai suna Raccoon City. Wani tangamemen gida ne a dokar daji, ƙofofi a kulle, harsashi kaɗan, ga gawarwaki masu tafiya irin na finafinan George Romero. Tun da garin babu shi a taswira, babu wata al'umma da ta ga an taɓa mutuncinta.

Al'amari ya soma sauyawa a 2005, lokacin da kashi na huɗu ya koma wani ƙauye a Sifaniya. Kyamara ta dawo bayan kafaɗar jarumi, harbi ya yawaita, abokan gaba kuma suka zama manoma riƙe da lauje da gatari. Masu jin Sifaniyanci nan take suka gane cewa ƙauyawan da karin harshen mutanen Meziko suke magana.

Babbar ƙura ta tashi ne a kan kashi na biyar. Tun daga tallar da aka nuna a 2007, mutane suka ga Bature, Chris Redfield, yana bindige tarin baƙaƙen fata a wani gari mai ƙura da rufin kwano. Ɗan jarida N'Gai Croal na mujallar Newsweek ya ja hankali cewa irin wannan hoto yana da tsohon tarihi, kuma gaskiya ya faɗa. Wasan ya fito a Maris 2009 da abokiyar aiki 'yar Afirka, Sheva Alomar, amma hakan bai wanke shi ba. An ce Kijuju, inda aka kai labarin, a Afirka ta Yamma take, sai ga mutanenta suna Suwahili, harshen gabashin nahiyar. Tun kafin a yi harbin farko, ɗan wasa zai wuce wasu maza sun taru suna jibgar wani abu a cikin buhu, suna binsa da harara. Can gaba a cikin fadama kuwa, mutane ne da masu da garkuwa, sanye da ganye, tamkar a fim ɗin zamanin mulkin mallaka. Labarin dai ya ɗora laifin annobar da ta kama mutanen a kan kamfanonin magani na waje, Umbrella da Tricell, to amma abin da ido ya gani ya fi abin da kunne ya ji zama a rai. Duk da haka wasan ya yi kasuwa ƙwarai, ya daɗe yana kan gaba a cinikin Capcom.

Bayan kashi na shida a 2012, kamfanin ya koma ga tsoro na asali. Kashi na bakwai na 2017 ya sauka a gidan iyalin Baker a jihar Luwiziyana, kuma aka ɗauko marubuci Ba'amurke, Richard Pearsey, domin maganar mutanen ta zauna daidai. Da aka sabunta kashi na huɗu a 2023, ƙauyawan sun koma magana da harshen Sifaniya na ainihi.

Ashe gyaran ba gagararre ba ne, tambayar 'yan gida kawai yake bukata. Idan Capcom ta tashi sabunta kashi na biyar, wajibi ne ta zaunar da marubuta da masu murya 'yan Afirka ta Yamma tun daga ranar farko, ko kuma ta bar Kijuju inda take.